Yanda za ka koyar da tsarin kiristal da VESTA ko da laftof ɗaya ne a ajin

Duk malamin kemistiri da ya taɓa tsayawa gaban allo zai zana yunit sel ɗin gishiri, wato ɗan akwatin da ake maimaitawa ya ba da kiristal, ya san inda gizo ke saƙar. Ka zana kiyub, ka sa ɗigo a kusurwa, ka sa a fuska, kafin ka gama sa na gefe layukan sun hau kan juna, na baya da na gaba duk sun cakuɗe, yara kuma suna ta kwafa a littafi ba tare da sun ga komai ba. Daga nan sai hadda ta shigo, "NaCl fes senta kiyubik ne, kodineshan namba 6," a zuba a jarabawa a wuce. Abun yana damuna sosai wallahi, domin wannan darasin ba mai wuya ba ne, kawai dai abu ne mai tsawo da faɗi da zurfi ake ƙoƙarin cusa shi a allo mai tsawo da faɗi kaɗai. Toh ga yanda za ka yi amfani da manhaja ka fita daga wannan matsalar, ko kana koyar da 'yan SS2 a Tudun Wada ko Sabon Gari, ko kana tutoriyal wa 'yan ajin farko a Samaru, ko kuma kai ɗalibin ne kana son ka gane da kanka.

Manhajar da nake ba da shawara ita ce VESTA. Wasu masana biyu 'yan Japan ne suka rubuta ta, Koichi Momma da Fujio Izumi, kuma kyauta ce in dai ba kasuwanci za ka yi da ita ba. Akwai ta Windows da ta Mac da ta Linux. Akwai wasu kuma, Mercury ta cibiyar CCDC da ke Kambirij a Ingila tana da kyau amma ta fi dacewa da masu aikin molekul na oganik, CrystalMaker kuma ta kuɗi ce, mu bar ta. Abun da ya sa VESTA ta fi mana a nan shi ne ba ta da nauyi, tsohon laftof ma yana ɗaukar ta, kuma in ka sauke ta sau ɗaya shikenan ba ruwanka da data. Shafinta yana jp-minerals.org, ka je wajen saukewa ka ɗauki fayil ɗin zip na Windows, ka warware shi a folda, ka danna VESTA.exe. Ba sai an yi wani instoleshan ba. Wannan foldar za ka iya jefa ta a filash ka raba wa duk wanda yake da kwamfuta, amma dan Allah ka kwafi foldar gaba ɗaya, in ka ɗauki exe ɗin kaɗai ba za ta yi aiki daidai ba saboda sauran fayilolin da take dogaro da su suna ciki.

Yanzu kada ka fara da sauke tsarin da wani ya riga ya gina. Ka gina gishiri da hannunka, a gaban yaran, domin a nan ne karatun yake. Ka je File ka zaɓi New Structure. Taga za ta buɗe mai shafuka a sama, ka shiga Unit cell, a wajen System ka zaɓi Cubic, a jerin sifes guruf ka nemi lamba 225 wato Fm-3m, sannan a wajen a, wato tsawon gefen akwatin, ka rubuta 5.64. Ma'aunin angistirom ne, angistirom ɗaya kuwa mita ɗaya ce aka raba gida biliyan 10. Za ka lura b da c ba su ba ka damar rubutu ba, kusurwoyin ma sun tsaya a 90, ka tsaya nan ka tambayi ajin me ya sa, in wani ya ce ai kiyub ne duk gefunansa ɗaya, toh ka samu ɗalibi guda da ya fara gani. Daga nan ka koma shafin Structure parameters ka danna New, ka zaɓi Na, x da y da z duk ka bar su 0. Ka sake danna New, ka zaɓi Cl, ka sa 0.5 a duka ukun. Ka danna OK.

Atom biyu kacal ka shigar amma ƙwallaye 27 za su fito a sikirin. Wannan mamakin kada ka bari ya wuce a banza. Abun da ya faru shi ne lamba 225 ɗin nan da ka zaɓa dokar maimaitawa ce, ita ta ɗauki atom biyun ta kwafa su duk inda daidaiton tsarin ya ce su kasance. Irin waɗannan dokokin guda 230 ne gaba ɗaya, suna zaune a kan latis 14 da Bafaranshe Auguste Bravais ya tantance a 1848, su kuma sun kasu gida 7. Ba sai yara sun haddace 230 ba, kai ma ba sai ka haddace ba, abun da nake so su riƙe shi ne latis daban, atom daban. Latis ɗigogi ne na lissafi da ke nuna inda ake maimaitawa, abun da ake maimaitawar kuma shi ne Na ɗaya da Cl ɗaya tare.

In sandunan da ke haɗa ƙwallayen ba su fito da kansu ba, ka je Edit ka zaɓi Bonds, ka danna New, A1 ka sa Na, A2 ka sa Cl, Max. length ka sa 3.0. A wannan tagar akwai wani waje mai suna Boundary mode da yake rikita mutane sosai, in ka bar shi yanda yake manhajar za ta iya jawo wasu atom daga wajen akwatin don ta cika maƙwabtan kowane sodiyam, sai ka ga ƙwallaye sun fi 27 lissafi ya lalace. Ka zaɓi Do not search atoms beyond the boundary, hoton zai dawo tsaf.

Sai ƙirga. A nan nake so ka ɓata lokaci, ko da rabin darasin zai tafi a kai. Ka kira ɗalibi ɗaya ya riƙe maus ya juya kiyub ɗin da kansa, sauran suna ƙirgawa. Sodiyam 8 a kusurwa, 6 a tsakiyar fuska, 14 kenan. Kulorin 12 a tsakiyar gefuna, 1 a can cikin ciki, 13 kenan. Sai ka ce toh jama'a, 14 da 13, amma fomula ta ce ɗaya da ɗaya, ina aka samu matsala? Ka bar su su yi gardama tukuna. Bayan nan ka danna maɓallin Boundary da ke gefen hagu, ka mayar da x(max) da y(max) da z(max) daga 1 zuwa 2, akwati 8 za su fito a manne da juna. Ka sa su nemo ƙwallon da ke tsakiyar wannan babban ginin su duba akwati nawa ne suka haɗu a kansa, za su ga 8 ne, ashe na kusurwa kashi ɗaya bisa takwas ɗinsa ne kaɗai na akwatinmu. Na fuska kuma kamar katangar da ke tsakanin gida biyu ne a cikin gari, ba taka ba ce kai kaɗai, rabi naka rabi na maƙwabci. Na gefe akwati 4 ne suka raba shi. Na tsakiya ne kawai ba mai tarayya da kai. Toh 8 sau ɗaya bisa takwas 1 ne, 6 sau rabi 3 ne, sodiyam 4. 12 sau kwata 3 ne, ga na tsakiya 1, kulorin 4. Huɗu da huɗu. Yaron da ya kai ga wannan da idonsa ba zai sake neman a ba shi hadda ba.

Tun da ginin yana babba, ka sa su zaɓi sodiyam ɗaya a ciki su ƙirga kulorin da ke kewaye da shi, sama, ƙasa, gaba, baya, dama, hagu, 6. Su yi wa kulorin ma haka, 6, kodineshan namba ɗin kenan. In ka sauya Style daga Ball-and-stick zuwa Polyhedral za ta zana musu oktahidiron ɗin ƙarara. Ka tambaye su wanne kulorin ne abokin wannan sodiyam ɗin shi kaɗai, za su ga babu, duk shidan nisansu ɗaya. Abun da William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka gano kenan a 1913 da suka haska gishiri da eksire, babu wani molekul guda mai suna NaCl a cikin ƙwayar gishiri, jeri ne kawai na ayon yana tafiya ta ko'ina. A kan irin wannan aikin aka ba su kyautar Nobel a 1915.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Yanda VESTA take fitowa, girman ƙwallayen na atom ne ba na ayon ba, don haka za ka ga sodiyam ya fi kulorin girma, wanda a cikin gishiri ba haka ba ne. Ka danna Properties, ka shiga Atoms, a wajen Radii type ka mayar da shi Ionic. Sodiyam da ya ba da elektiron ɗinsa ya ƙanƙance zuwa kamar 1.02, kulorayid da ya karɓa ya kumbura zuwa 1.81. Ka haɗa su, 2.83. Yanzu ka ɗauki abun auna tazara da ke layin kayan aiki na hagu, ka danna Na ka danna Cl na kusa da shi, a ƙasan sikirin za ta rubuta maka 2.82, rabin 5.64 kenan. Ka ga lambar da ke tebur ɗin littafi da wadda suka auna da kansu sun kusan zama ɗaya.

In 'yan jami'a ne ko 'yan NCE, ka ƙara musu densiti. Nauyin mol na NaCl 58.44, sau 4, a raba da lambar Avogadro, a sake rabawa da girman akwatin wato 5.64 sau uku a kansa, wanda yake ba da kamar 179.4, manhajar ma tana rubuta shi a ƙasa. In sun mayar da angistirom zuwa santimita daidai za su samu giram 2.16 a kowace santimita kiyub, kuma haka densitin gishiri yake in an auna shi a lab. Yawancin kuskure a mayar da ma'aunin yake fitowa, angistirom ɗaya 10 ne mai fawa ɗebe 8 a santimita, in aka yi kiyub ɗinsa ya zama ɗebe 24, ka sa ido a nan.

Ga wani gwaji da nake matuƙar so. Ka sake buɗe New Structure, ka shigar da Cs a 0, 0, 0 da Cl a 0.5, 0.5, 0.5, daidai irin wuraren da ka sa na gishiri, amma sifes guruf ka zaɓi 221 wato Pm-3m, a kuma 4.12. Ƙwallaye 9 ne za su fito, takwas a kusurwa ɗaya a tsakiya, kowanne maƙwabtansa 8. Nan take rabin ajin za su ce bodi senta kiyubik ne, kuma wannan kuskuren har a wasu handawut ana ganin shi. Ba shi ba ne. Kafin a ce bodi senta sai na tsakiya ya zama iri ɗaya da na kusurwa, a nan kuwa ɗaya siziyam ɗaya kulorin, don haka latis ɗin firimitif ne, wato simful kiyubik. Don su ga na gaskiya ka gina ƙarfe kusa da shi, lamba 229, a 2.87, Fe a 0, 0, 0, shi kaɗai, za su ga na tsakiya ya fito da kansa kuma launinsa ɗaya da na kusurwa. Atom 2 a akwati.

Jan ƙarfe ma minti ɗaya ne, lamba 225, a 3.615, Cu a sifili uku, atom 4 a akwati, densiti zai fito kusan 8.9. Ka sa Space-filling su ga yanda ƙwallayen suka matsu. Lambobin nan da ake haddacewa, kashi 52 cikin ɗari na simful kiyubik, 68 na bodi senta, 74 na fes senta, a nan ne suke samun ma'ana, domin yaro zai ga da idonsa ta ina ƙwallayen suke taɓa juna, a jan ƙarfe ta layin da ya ratsa fuska daga kusurwa zuwa kusurwa suke taɓawa, a ƙarfe kuma ta layin da ya ratsa cikin kiyub daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Daga nan alaƙar rediyos da a take fitowa ba tare da hadda ba. Abun da ya fi wahalar nunawa a allo shi ne jerin ABCABC, wato yanda shimfiɗun atom suke hawa kan juna, toh ka je Edit, Lattice Planes, New, ka sa h k l su zama 1 1 1, ka faɗaɗa Boundary, ka juya har ka kalli faifan kai tsaye, za ka ga kowane atom da 6 kewaye da shi a shimfiɗa ɗaya, 3 a sama 3 a ƙasa, 12 kenan. Magniziyam kuma ABAB yake bi, shi ma 12 da kashi 74, ka buɗe su gefe da gefe.

Bayan sun iya gini, sai a koma saukewa. Fayil ɗin tsarin kiristal sunansa CIF, ƙungiyar masana kiristal ta duniya IUCr ce ta fito da shi a 1991, kuma rubutu ne zalla, ƙarami ƙwarai, ko Notepad zai buɗe shi ka ga a da b da c da wuraren atom a jere. Crystallography Open Database da ke crystallography.net tana da tsari sama da 500,000 kyauta ba rajista. Ka shiga wajen bincike ka sa sunan ma'adinin da Turanci ko alamomin sinadaran, ka sauke, ka ja fayil ɗin ka jefa cikin VESTA. Ka dai duba bayanin kafin ka ɗauka, domin abu ɗaya yana iya samun fayil da yawa, wasu an auna su ne a zafi ko matsi mai yawa, lambobinsu sun ɗan bambanta.

Shawarata ka sauke abubuwan da yaran suka sani a gida. Dutsen tozali na gargajiya galina ne, dalma da farar wuta, PbS, kuma tsarinsa irin na gishiri ne sak, a ɗinsa kamar 5.94, shi ya sa in ya fashe yake tsagewa kusurwa-kusurwa a miƙe. Ka samu damar gaya musu cewa dalma guba ce, musamman ga jarirai, wannan ma karatu ne da ya kamata ya isa gida. Kuzar da ake haƙa a Jos kasitarayit ce, SnO2, tetiragonal, a nan za su ga akwatin da c ɗinsa ya bambanta da a, 4.74 da 3.19. Yashi kuwa galibinsa kwaz ne, SiO2, kowane silikon da oksijin 4 kewaye da shi, kuma yana cikin ma'adinan da suka haɗu suka yi dutsen giranayit irin na Kufena. In ka sa Polyhedral a kan kwaz ka kalle shi ta maɓallin c da ke sama, hoton yana da kyau ƙwarai, yara suna son shi.

Daimon da girafayit na bakin fensir kam dole ne, don WAEC da NECO ba sa rabuwa da su. Waɗannan ka sauke su kawai. Dalili shi ne sifes guruf na daimon, lamba 227, yana da mafari iri biyu, in ka sa kabon a 0, 0, 0 alhali Setting ɗin na biyu ne, atom 16 za su fito maimakon 8, ka zo kana koyar da abun da ba daimon ba. In ka buɗe na daidai ka sa su auna, a daimon kabon zuwa kabon 1.54 ne ta ko'ina, maƙwabta 4, kusurwa 109.5. A girafayit 1.42 ne cikin shimfiɗa, maƙwabta 3, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa 3.35. Wannan tazarar ita ce amsar me ya sa fensir yake rubutu daimon kuma yake yanka gilas, su rubuta bayanin da kalmominsu.

Masu furojet na ajin ƙarshe da 'yan masta da suke kai samfur a yi musu XRD, wato gwajin haska samfur da eksire, akwai Utilities, Powder Diffraction Pattern, ka danna Calculate ta fitar maka da layukan da ya kamata tsarin ya ba da. Da hasken jan ƙarfe mai tsawon zango 1.54, gishiri babban layinsa na 200 yana fitowa a wajen digiri 31.7, na 220 a wajen 45.4. Sai ka gwada da sakamakon da aka ba ka.

Maganar aji kuma. Na san yawancinmu laftof ɗaya ne, firojekta in ma akwai sai an yi sa'ar wuta. Ka cika caji tun daga gida, ka raba ajin rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowane rukuni ya zo gaban laftof da takardar tambaya a hannu, nawa ne a kusurwa, nawa ne maƙwabta, tazarar nawa ce, su juya su auna su rubuta su koma. Sharaɗin kawai maus ya kasance a hannun ɗalibi, kuma ka kula ya zaga har wajen 'yan mata da masu zaman baya, in ba haka ba mutum biyu masu ƙarfin hali za su riƙe shi har a tashi. Sauran da ke jiran layi kada su zauna haka, a kawo yumɓu da tsinken tsintsiya su mulmula ƙwallaye kala biyu su gina abun da za su je su gani. Masu waya kuma akwai ChemTube3D na jami'ar Libaful, yana buɗewa a burauza, yana da sashen tsarin daskararrun abubuwa da za ka juya da yatsa. Don guruf ɗin WhatsApp na aji ka yi File, Export Raster Image, ka ɗaga Scale zuwa 2 ko 3 don hoton ya fito garau, ka tura ta fuska uku, a da b da kuma a karkace.

Kafin a tashi ka rufe laftof ɗin ka sa kowa ya zana yunit sel ɗin gishiri a takarda daga kansa, domin a zauren jarabawa biro da takarda ne. Ka koya musu su zana shi hawa-hawa, murabba'i uku a jere, na z daidai da 0, na rabi, da na 1, kowanne da ɗigo tara, na farko da na uku iri ɗaya, na tsakiya kuma an musanya sodiyam da kulorin. Aikin gida ka ba su fulorayit, CaF2, lamba 225, a 5.46, Ca a 0, 0, 0, F a 0.25, 0.25, 0.25, su kawo maka adadin kowanne a akwati da maƙwabtansa, amsar da kake jira ita ce kalsiyam 4, fulorin 8, maƙwabta 8 da 4.